Yara sun zana ginshiƙai masu kyau, amma ba su san abin da zanen yake faɗa ba

Malamar Aji Biyu:
Assalamu alaikum malamai da iyayen wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi gaban manya.

Manhajarmu ta ware mako biyu na darasin tattara bayanai da zana su. Na yi yadda kowa yake yi: na tambayi yara launin da kowa ya fi so. Su 41 ne. Ja ya samu 14, shuɗi 11, kore 9, rawaya 7. Muka samo kwali babba, muka zana ginshiƙai huɗu, kowanne tsayinsa daidai da yawan masu son launinsa, yara suka shafe su da launi, abin gwanin sha'awa. Hedimasta ya leƙo ya yaba, muka manna a bango.

Bayan kwana uku na tsaya gaban kwalin na ce, "Masu son ja sun fi masu son kore da mutum nawa?" Mafi yawansu suka ce 14. Wasu suka haɗa suka ce 23. Yara uku kacal suka ce 5. Ina cikin wannan takaicin sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, to yanzu da ja ya ci, me za a yi?" Wallahi ban samu amsar da zan ba shi ba.

Wata abokiyar aikina ta ce in daina killace abin a mako biyu, in riƙa cusa shi cikin kimiyya da harshe da motsa jiki duk tsawon shekara. Ni kuma ina tsoron kada in rasa lissafin in rasa kimiyyar. Wanda ya taɓa gwadawa ya taimaka min.

Malamin Lissafi, Aji Shida:
Wa alaikumus salam Malama. Kada ki bari a ruɗe ki. Taura biyu ba ta taunuwa. Ciwon yaranki ba na zane ba ne, na ɗebewa ne. Yaro ya saba da "ina da 14, an ɗauke 9, saura nawa?" amma bai saba da "wannan ya fi wancan da nawa?" ba, alhali duk 14 a ɗebe 9 ne. A na farko akwai abin da aka ɗauke, yana ganinsa a ransa. A na biyu ba a ɗauke komai ba, kwatanci ne kawai. Da ya ji kalmar "fi" sai ya nemi wanda ya fi yawa ya faɗi adadinsa, shi ya sa suka ce 14. Ki koma ki gyara wannan a darasin lissafi. Idan kika kai shi darasin kimiyya, rabin lokaci zai tafi wajen surutu, ƙarshe an yi ba a yi ba.

Tsohon Hedimasta:
Malam, bayaninka kan kalmar "fi" daidai ne, ban da ja a kai. Amma ka tsallake yaron nan da ya yi tambaya, kuma ni a ganina shi ya fi kowa fahimtar darasin a ajin.

'Yata, ba a ƙirga abu don a manna a bango. Ana ƙirgawa ne saboda akwai abin da ake son sani, kuma amsar za ta sa a yi wani abu ko a fasa. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe sama da mutum 600. A lokacin yawancin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana ƙirga inda aka mutu da kuma inda mamatan suke ɗiban ruwa. Sai ya ga mace-macen sun taru ne kewaye da wani famfon ruwa da ke titin Broad. Ya kai wa hukuma, aka cire hannun famfon. Daga baya ya fitar da taswirar da ya sa wa kowane mamaci ɗan zane a daidai gidansa.

To ki duba: tambaya ce ta fara zuwa, ƙirga ya biyo baya, zane ya zo a ƙarshe. Mu a aji mun juya abin, muna farawa da zane, sannan mu nemo wata tambaya mu rataya masa. Launin da aka fi so ba shi da "sai me?" a bayansa. Da kin ce musu launin da ya ci shi za a shafa wa akwatin ajiye littattafan aji, da kin ga yadda za su tsare ƙirgan nan, ba wanda zai yarda a ci masa ƙuri'a.

Malamar Aji Biyu:
Baba, wannan ta shige ni. Gaskiya ni kyan kwalin na sa a gaba.

Maman Yara Uku:
Ni ba malama ba ce, amma bari in sa baki. An ba ɗiyata aikin gida ta tsaya bakin titi minti goma ta ƙirga abubuwan hawa. Na tsaya tare da ita. Abin da ya ba mu wahala ba ƙirgan ba ne. Wata mota ta wuce tana jan wata da ta lalace, ta juyo ta ce, "Mama, ɗaya ce ko biyu?" Can kuma wani ya wuce yana tura kekensa bai hau ba, ta ce shi mai tafiya a ƙasa ne ko mai keke? Mun fi minti goma muna gardama a kan waɗannan biyun. Da ta kai aikin, malamin ya duba ya sa alamar daidai, ko tambayarta bai yi ba. Na ji haushi, don a ganina gardamar nan ita ce karatun.

Mai Horar da Malamai:
Hajiya, kin taɓo jijiyar abin. Rarraba abubuwa gida-gida shi ne tushen wannan fanni, kuma shi aka fi tsallakewa. Kafin yaro ya ƙirga, sai ya yanke hukuncin me ya shiga wane gida. Wannan kuwa ba lissafi ne kaɗai ke koyar da shi ba: a kimiyya ana raba mai rai da marar rai, a harshe ana raba baƙi da wasali. Shi ya sa nake goyon bayan abokiyar aikin Malama, amma da sharaɗi, zan zo kansa.

Abu biyu nake so Malama ta riƙe. Na farko, Jerome Bruner, masanin ilimin koyo na Amurka, ya bayyana a 1966 cewa ana kama sabon abu ta hanya uku: ta aikatawa da hannu, ta hoto, sannan ta alama. Tsarin lissafin firamare na Singafo a kan wannan aka gina shi. Ke kin tashi daga ɗaga hannu kin dira kan ginshiƙi, wanda kusan alama ce zalla. Matakin hannu ya faɗi a tsakiya. Da kowane yaro ya ajiye abu ɗaya da hannunsa a layi, sannan aka jera layin ja kusa da na kore ɗaya bisa ɗaya, da sun ga biyar ɗin nan da suka yi saura ba su da abokan tsayawa. Wannan "marasa aboki" ita ce amsar "sun fi da nawa".

Na biyu, wata masaniya mai suna Frances Curcio ta kasa karanta zane gida uku. Akwai karanta abin da ke rubuce: mutum nawa ke son ja? Akwai karanta tsakanin bayanan: ja ya fi kore da nawa, ko ja da kore a haɗe nawa ne? Akwai kuma karanta abin da ya wuce zanen: idan muka tambayi aji na kusa da mu, kuna jin ja zai sake ci? Yaranki suna mataki na farko, kin yi musu tambayar mataki na biyu. Ba gazawa suka yi ba, ba a taka da su wurin ba ne tukuna.

Kada kuma mu ɗora wa ƙanana kaya fiye da ƙarfinsu. A manhajar Ingila ta 2014, sai a aji biyu ake fara wannan fanni a matsayin darasi: jadawalin hotuna, damin ƙirga, zanen tubala da jadawali mai sauƙi. A ma'aunin da jihohi da yawa na Amurka ke bi, ɗan aji ɗaya gida uku kawai ake so ya rarraba bayanai, ɗan aji biyu gida huɗu, kuma kowane hoto ɗaya yana wakiltar abu ɗaya. Hoto ɗaya ya tsaya a madadin biyu ko biyar, wannan sai aji uku.

Malamin Lissafi, Aji Shida:
Ranka ya daɗe, duk mun ji, Bruner da Singafo da Amurka. Amma ku masu horarwa kuna magana kamar malami yana da yara ashirin da mataimaki. Ka shiga aji mai yara tamanin ka ce kowa ya taso ya ajiye abu a layi, ka ga ko za ka gama kafin a kaɗa ƙararrawa. Sannan ga jarrabawa tana jira. Ni ne nake karɓar yaran nan a aji shida, ina ganin wanda bai iya ninka bakwai sau takwas ba amma an ɓata masa shekara yana manna hotuna.

Malamar Aji Ɗaya:
Yaya, ni yara 76 gare ni, kuma ina yi kullum, bai taɓa cin minti biyar ba. Murafun kwalba nake amfani da su, cike da gwangwani. Na ja layuka a ƙasa kusa da ƙofa da alli. Kafin yara su iso na rubuta tambayar ranar a ƙaramin allo, kowa yana shigowa zai ɗauki murfi ɗaya ya ajiye a layin da ya zaɓa ya wuce wurin zamansa. Kafin in gama kiran suna zanen ya haɗu da kansa.

Tambayar kuma daga darasin ranar nake ɗauko ta. Ranar da za mu yi nutsewa da yawo a kan ruwa, na ajiye soso da ƙusa da murfin biro, na tambaya wanne kuke jin zai nutse. Ranar labari, na tsaya a tsakiyar labarin jiya na ce me kuke jin zai faru. Abin da na fi so shi ne bayan an gwada a ruwa, sai su ga layin da ya fi tsawo ba lallai shi ne mai gaskiya ba. Ranar farko da hakan ta faru ajin ya yi tsit.

Wani amfani da ban yi zato ba: jimillar murafu dole ta zo daidai da rajista. Akwai ranar da muka samu murafu 74 alhali yara 72 suka zo. Su da kansu suka shiga bincike har aka gano mutum biyu da suka ajiye sau biyu. Tun daga nan akwai 'yan sa-ido a bakin ƙofa, ba ni na naɗa su ba.

Malamin Lissafi, Aji Shida:
To, wannan kam na yarda dabara ce. Minti biyar ba asara ba ce. Abin da nake ƙi shi ne a cinye darasi sukutum wajen shafa launi.

Mai Horar da Malamai:
A nan mun haɗu, Malam, kuma shi ne sharaɗin da na ce zan zo kansa. Haɗa darussa iri biyu ne. Akwai na gaske, inda ɗaya darasin yake buƙatar amsar: an shuka iri a wuri mai haske da wuri mai duhu, ba yadda za a san bambancin sai an auna an rubuta. Akwai kuma na kitso da ƙwarƙwata, inda ake darasin dabbobi sai a ce "wace dabba kuka fi so" don a samu abin rubutawa a shirin darasi cewa an haɗa da lissafi. Wannan bai ƙara wa yaro sanin dabba ba, bai ƙara masa lissafi ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka cire ƙirgan, idan darasin kimiyyar bai rasa komai ba, to ado ne.

Sannan sabuwar dabara, kamar yadda ake ɗaure dami ko yadda ake ja layin tushe, wato layin da duk ginshiƙai ke tashi daga kansa, a darasin lissafi za a koyar da ita. Sauran darussa wurin aiki da ita ne.

Ɗalibar Koyon Malanta:
Don Allah a yi min afuwa, mene ne "dami" da ake ta faɗa?

Malamar Aji Ɗaya:
Ƙanwata, ƙirgan nan ne na zane-zane: ki ja huɗu a tsaye, na biyar ya gitta su, ya zama dami ɗaya. Amfaninsa sai abin da ake ƙirgawa yana wucewa, kamar motocin da Hajiya ta faɗa, ba lokacin gogewa a sake rubuta lamba. Ki lura, yara da yawa suna ja biyar a tsaye sannan su gitta, ya zama shida suna ƙirga shi biyar. Ina sa su ɗaga yatsu huɗu, su kwantar da babban yatsa a kansu. Da sun yi sau biyu ya zauna.

Malamin Hausa:
Bari in kawo nawa daga ɓangaren harshe, don ana ganin kamar mu ba mu da abin ƙirgawa. Na ba 'yan aji uku layi biyar daga littafin karatu, na ce kafin mu fara kowa ya yi hasashen harafin da ya fi fitowa. Daga nan suka kasu rukuni-rukuni suna ɗaure dami. "A" ta yi wa sauran fintinkau, ginshiƙinta har ya fita daga takardar sai da muka ƙara wata a sama.

Amma inda aka yi karatu shi ne wurin "sh" da "ts". Wani rukuni ya ƙirga "s" daban "h" daban, wani ya ƙirga "sh" harafi ɗaya kamar yadda muke koyarwa a abacada. Adadinsu ya ƙi zuwa ɗaya, aka fara zargin juna da rashin iya ƙirga. Haka "k" da "ƙ", wasu sun zuba su gida ɗaya. Sai da muka zauna muka yi yarjejeniya kafin a sake ƙirgawa. A ranar na koyar da bambancin "k" da "ƙ" fiye da yadda na yi a zango guda, domin yanzu akwai abin da ya rataya a kai. Wata yarinya ma ta ce in haka ne a riƙa sayar da fensir mai rubuta "a" da kansa.

Tsohon Hedimasta:
Madalla da wannan. Bari in ƙara wani abu don malamai su rage fushi da yara. Ƙirga da zane-zane tsohon abu ne ƙwarai. Akwai ƙashin Ishango da aka tono a 1950 a ƙasar Kwango, an kiyasta ya kai shekara 20,000, jikinsa duk tsage-tsage ne rukuni-rukuni. Amma zanen ginshiƙan nan da muke ganin kamar abu ne a fili, sai a 1786 William Playfair ɗan Sikotland ya buga shi, yana nuna cinikin ƙasarsu da wasu ƙasashe. Zanen da'ira mai yanka-yanka ma shi ya fito da shi a 1801. Idan 'yan Adam sun yi dubban shekaru suna ƙirga kafin wani ya yi tunanin mayar da adadi tsayi, don me za mu zaci ɗan shekara bakwai zai kama shi cikin mako biyu?

Malamin Motsa Jiki:
Ni na gwada na jera yaran da kansu a fili, kuma na sha mamaki. Tambayar ita ce da wace ƙafa kake fara tsalle. 'Yan dama 12 a rukunin, 'yan hagu 8. 'Yan daman suka matsu da juna, 'yan hagun suka baje. Na tambayi waɗanda ke kallo wane layi ya fi mutane, kusan duk suka nuna na hagu saboda ya fi tsawo. Na sa aka ƙirga da ƙarfi, 12 da 8. Na sake tambaya, wasu suka sake nuna na hagu! Na rasa ta cewa.

Mai Horar da Malamai:
Malam, ka yi gwajin Piaget ba ka sani ba. Jean Piaget ɗan Siwizalan ya nuna cewa ƙananan yara, galibi kafin shekara shida zuwa bakwai, idan aka baje layin abubuwa sai su ce ya ƙaru ko da a gabansu aka baje shi. Idonsu yana rinjayar ƙirgansu. Maganinsa a fili: a ja layin farawa ɗaya, kuma kowa ya riƙe hannun na kusa da shi a ɗaya layin. Waɗanda suka rasa hannun riƙewa su ne bambancin.

Haka yake a takarda. Ka ce kowa ya zana abin da ya zaɓa a manna, wani zai zano kyanwa kamar saniya, kyanwa uku su fi tsuntsu biyar tsawo. Shi ya sa ake yanka takardu murabba'i girma ɗaya a raba musu, kowa ya yi zanensa a ciki. Amma ni ina ba malamai shawara su bar kuskuren ya faru sau ɗaya tukuna. Yaran tsuntsu za su yi ƙorafin an cuce su, daga nan su da kansu za su nemi a daidaita girman.

Sabuwar Malama:
Ina karantawa tun ɗazu, ina so in faɗi wani abu da har yanzu yake damuna, ko wani zai tsira daga irinsa. A zangona na farko ina darasin iyali, na ga dama ce ta haɗawa da lissafi. Na ja layuka a allo na ce kowa ya zo ya sa alama a ƙarƙashin wanda ya kawo shi makaranta: uwa, uba, yaya, ko shi kaɗai. Wata yarinya ta zo ta tsaya da alli a hannu, ba ta rubuta ba, ba ta koma ba. Na ce ta yi sauri. Sai na ga hawaye. Ashe mahaifinta ne yake kawo ta kullum, kuma bai fi wata biyu da rasuwa ba, ba wanda ya gaya min. Wani yaro daga baya ya ɗaga murya ya faɗa wa ajin duka. Ban san yadda na ƙarasa darasin nan ba.

Maman Yara Uku:
Allah sarki. Allah ya jiƙansa. Ba laifinki ba ne Malama, ba ki sani ba.

Tsohon Hedimasta:
Amin. 'Yata, kusan duk wanda ya daɗe a aji yana da irin wannan tabon, ki yafe wa kanki. Amma darasin a riƙe shi: duk tambayar da amsarta za ta tona abin da ke gidan yaro ko ta nuna jikinsa, a bar ta. Aikin uba, yawan ɗakuna, abin da aka mallaka, nauyin jiki, makin jarrabawa. Duk ginshiƙi yana da gajere, kuma idan gajeren mutum ne, kowa a aji ya san ko wane ne. Ganye da duwatsu da haruffa da gajimare ba sa jin kunya, a ƙirga su.

Wani Uba:
Ni tambayata, ba akwai manhajojin kwamfuta da ke zana waɗannan abubuwan cikin daƙiƙa ba? Me ya sa ake wahalar da yara da murfin kwalba?

Malamin Lissafi, Aji Shida:
Alhaji, saboda kwamfutar za ta yi daidai ɓangaren da muke so yaro ya yi da kansa. Ita za ta daidaita tazara, ita za ta ja layin tushe, shi kallo ne nasa. A aji biyar ko shida, bayan ya san abin da ake ciki, ba laifi. Ka ga yau har ni na koma kare murfin kwalba.

Malamar Kimiyya:
Malamar Aji Biyu, ga shawara ɗaya da ta dace da shekarun yaranki: famfara. Yaro yana da haƙoran yarinta 20, suna fara zubewa wajen shekara shida, yawanci na gaba na ƙasa ne ke fara fita, a ƙarshe babba yana da 32. Ajinki yanzu cike yake da masu giɓi, kuma ba abin da suke so kamar nuna shi. Tambayar: haƙori nawa ka zubar zuwa yau? Ki yi gida-gida: babu, 1, 2, 3, 4 ko fiye. Darasin kula da haƙori yana buƙatar amsar, don daga nan za ki shiga maganar cewa wanda ya fito yanzu ba shi da madadi.

Abin da ya fi kyau, zanen ba ya mutuwa a bango. Duk wata yana canzawa, gidan "babu" yana raguwa, na gaba suna ƙaruwa. Ki tambaye su yadda suke jin zai kasance a ƙarshen shekara. Sai dai ki kula da abin da Baba ya faɗa, ki fara gaya musu cewa kowa da lokacinsa, wanda bai fara ba lafiyarsa ƙalau, kada a mayar da shi abin tsokana. Kuma ko gida ya zama ba kowa a ciki kada ki goge shi. Yara suna son share gidan da ba komai, alhali sifilin nan ma labari ne.

Malamar Aji Biyu:
Na gode ƙwarai. Zan gwada ranar Litinin in dawo muku da labari.

Malamar Aji Biyu:
Na dawo. Na yi na famfara da murafun kwalba kamar yadda Anti ta aji ɗaya ta kwatanta, kowa da sunansa a cikin murfinsa. Duka 41 sun zo, amma da muka ƙirga murafu 39 muka samu. Na zaci wasa ne, ashe yara biyu ne suka riƙe nasu a hannu. Ɗaya haƙorinsa yana rawa, saura ƙiris, bai san ko ya ƙirga shi ba. Ɗayar kuma ta ce nata biyu sun fita amma sababbi sun riga sun fito a gurbinsu, to ai ba ta rasa komai ba. Aji ya rabu biyu. Muka yi yarjejeniya: wanda ya fita ya fita ko wani ya maye, mai rawa kuma sai ya faɗi.

Gidan "biyu" ne ya fi, mutum 13. Gidan "babu" mutum 6. Na jera su ɗaya bisa ɗaya daga layi guda, na ce su nuna min marasa aboki.

Malamin Lissafi, Aji Shida:
To Malama, ni tambayata ɗaya ce. Kin koma kan kwalin launukan kin sake tambayar ja da kore? A can za a san ko abin ya zauna ko daɗin haƙori ne kawai.

Malamar Aji Biyu:
Na koma, Malam, don na san za ka tambaya. Na canza ta zuwa shuɗi da rawaya kada su yi hadda, kowa ya rubuta amsa a littafinsa. Mutum 19 suka ce 4. Sauran yawanci 11 suka rubuta.

Malamin Lissafi, Aji Shida:
Daga 3 zuwa 19 ba laifi, amma har yanzu ba a kai rabi ba. Masu rubuta 11 ɗin nan kalmar "fi" ce ke jan su. Ki gwada juya tambayar: mutum nawa za a ƙara wa rawaya kafin ya kamo shuɗi? Ki ga ko adadin zai motsa.

Malamar Aji Biyu:
Zan gwada gobe. Af, na manta ban faɗa ba: mai haƙori mai rawan nan, ana dawowa daga tara sai ga shi da haƙorin a tafin hannu, baki duk jini yana dariya. Bai ko zo wurina ba, kai tsaye ya wuce bakin ƙofa ya ɗauke murfinsa daga gidan "ɗaya" ya mayar gidan "biyu". Yanzu sun zama 14, kuma wasu uku sun ce in ba su zuwa Juma'a.